DAGA GYARAN WAYA ZUWA ZANEN ALLONTA

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ya yada zango a Kankiya, ba zai rasa ganin samari a gindin rumfa suna gyaran wayar hannu ba. Tun da wannan waya ta shigo Nijeriya cikin 2001 sana'ar nan ta ke ci da mutane. Yaron ƙauye, kamar na Bauranya ta ƙasar Kusada, ya kan tafi kasuwar Farm Centre a Kano ya koyo, ya komo ya kafa teburinsa. Madalla da wannan. Amma fa gyara dabam, ƙira dabam. Koren allon nan da ke cikin waya, wanda masu gyara ke kira fanel, wani mutum ne ya zauna ya zana shi, kuma zanen nan sana'a ce mai zaman kanta.

Shi allon, da zaren gilashi da wani irin ƙaro a ke yinsa, sa'an nan a shimfiɗa masa siraran hanyoyi na jan ƙarfe maimakon tarin wayoyi. Wani mutumin Ostiriya, Paul Eisler, shi ya ƙago dabarar a Ingila cikin 1936. Na cikin wayar hannu ya kan kai hawa 8 ko fiye, an manne su bisa juna har sun zama kamar falle guda.

To, mene ne wahalar zana shi? Sauri. Haske ya kan ci kilomita 300,000 a sakan guda, saƙo a kan allo kuwa wajen rabin haka, watau kamar inci 6 cikin kashi ɗaya daga miliyan dubu na sakan. Mai karatu zai ce ai wannan ya isa. Ina! Mahaɗin nan USB 3.0, wanda aka fitar cikin 2008, ya kan aika da alama miliyan dubu 5 a sakan guda. Ke nan kafin alama ɗaya ta ci inci ɗaya da 'yan kai, wata ta biyo ta a baya. In hanyoyi biyu na ɗauke da saƙo guda, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, sai su zama kamar manzanni biyu da aka raba wa takarda ɗaya, wannan ya iso wancan na hanya.

Ba shi ke nan ba. In faɗin hanya ya sāke ba bisa ƙa'ida ba, sai wani kashi na saƙon ya komo baya, kamar amsa-kuwwa a gindin dutse, ya rikita na bayansa. Haka kuma lantarki ba ya tafiya sai ya komo, ta shimfiɗar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin hanyar ya ke komowa. In mai zane ya tsaga shimfiɗar nan, sai lantarkin ya yi kewaye kamar ayarin da ya tarar gada ta karye, na'ura ta dinga tsayawa ba a san dalili ba. Mai gyara ba shi da maganin wannan, domin ciwon tun daga zane ya ke.

Yaya yaro zai shiga wannan sana'a? Da fari sai ya riƙe lissafi da ilmin lantarki tun daga sakandare, ya kuma ƙware da Turanci, domin kowane ɗan ƙarfe da za a ɗora bisa allo yana da takardar bayaninsa, wata ta fi shafi 100. Daga nan akwai Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, da Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya wadda aka buɗe cikin 1962, duk suna koyad da aikin injiniyan lantarki.

Amma takardar shaida kaɗai ba ta zana allo. Sai ya sami kwamfuta ya sa mata KiCad, wata manhajar zane da aka fara a Faransa cikin 1992, wadda ba a biyan ko kwabo a kanta. Ya fara da ƙaramin allo mai hawa 2, kamar na cajin fitila da hasken rana, sa'an nan ya hau mai hawa 4. In ya gama, sai ya aika da zanen ta intanet zuwa masana'antun birnin Shenzhen na ƙasar Sin, su buga, su aiko masa. Na fari ba safai ya ke aiki ba. Kada ya karai, sai ya binciko kuskuren ya rubuta a littafi, gama masu ɗaukan ma'aikata allon da ya yi aiki su ke so su gani. A nan wanda ya saba da gyara ya fi ɗan aji, don hannunsa ya riga ya san dalma.

Ba mu ɓoye ba, akwai cikas. Wutar lantarki ba ta zama, kwamfuta na da tsada, na'urar auna saƙo mai sauri kuwa ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi, sai dai ya nema a ɗakin gwaji na makaranta. Duk da haka sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta da akawuna, ku da iyaye ke neman shawararku. In kun ga yaro mai son kwance rediyo, kada ku bari ya jefad da littafin lissafi don 'yan kuɗin gyara na yau. Ku nuna masa allon, ku ce masa mutum ne kamarsa ya zana. Allah ya sa mu ga ranar da za a buɗe waya a tarar da zanen ɗan Bauranya a ciki, amin.