Ba gas ne ya ƙare ba: firjinmu da masu gyaransa a kudancin birnin Kaduna

Duhun da ya lulluɓe mafi yawan jihohin Arewa na fiye da mako guda a watan Oktoban 2024, bayan ɓata-gari sun lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ya bar mutane suna lissafin kifi da kajin da suka ruɓe a ɗakunan sanyi. Asara ce, babu musu. Amma ɓarnar da ba a cika ambata ba tana zuwa ne ranar da aka kawo wuta. Idan ta dawo ba ƙarfi, ko ta yi ta ƙiftawa, kwamfuresa zai yi ta yunƙurin tashi yana kasawa har wayoyin cikinsa su ƙone. Daga nan sai mai kunun aya a unguwar Television ko mai ƙanƙara a Sabon Tasha ta ɗora firiza a Keke, a gaya mata: "Hajiya, gas ne ya ƙare."

Gas ɗin firji ba ya ƙarewa. A rufe yake cikin bututu yana zagayawa, ya ɗebo zafi daga ciki ya zubar a waje, shekara da shekaru. In ya ragu, akwai inda yake yoyo. Mai gyaran da ya ɗura sabo bai nemo hujin da kumfar sabulu ya liƙe shi da walda ba, bai canja filta ba, bai zuƙe iskar da ta shiga bututu ba, ya sayar maka da sanyin 'yan makonni ne kawai.

Gas ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. An daina R12 bisa Yarjejeniyar Montreal ta 1987, R134a ya maye gurbinsa, yanzu kuma sabbin firji da yawa R600a suke ɗauke da shi, wanda ke kama wuta. Yaron da ya koyi aiki a kan tsohon firji ɗan gwanjo, ya kunna wutar walda kusa da mai R600a, da ransa yake wasa.

Abin da ke ci mini rai shi ne inda wannan sakaci yake faruwa. Kudancin kogin Kaduna fa a da cibiya ce ta masu aikin hannu a Arewa. A Kakuri gwamnatin Sardauna ta kafa masaƙar KTL a 1957, masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Masaƙa ba ta gudana sai an daidaita zafi da laimar ɗakin kaɗi, in ba haka ba zare ya yi ta tsinkewa. Saboda haka kowace tana da sashen masu lantarki da injiniyoyi, inda yaro zai shiga ya koyi karanta ma'auni, ya san ba a taɓa inji sai an auna. Makera da Nasarawa da Kakuri albarkacin waɗannan ma'aikata suka cika suka batse. Da KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, kowa ya yi kukan albashi da haƙƙoƙin sallama, kuma kukan yana kan hanya. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa makaranta ce aka rufe. Tsofaffin ƙwararru wasu sun koma garuruwansu, wasu sun kama acaɓa, da yawa sun riga mu gidan gaskiya da iliminsu. Wanda ya saura a rumfar bakin titi yana koya wa yaransa abin da ɗan kayan aikinsa zai iya, ba abin da ya sani ba.

Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a tsallaken gada, ga ƙungiyar masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ta ƙasa, NARAP, ga ofishin kula da lamarin ozon a Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Me zai hana gwamnatin jiha ta haɗa su, a yi wa yaran rumfuna horon yamma kan sabon gas, a ba su injin zuƙe iska bashi su biya a hankali?

Ku kuma masu firji, ku sayi sitabilaiza, in an ɗauke wuta ku cire soket, in an dawo da ita ku jinkirta mintuna biyar kafin ku jona. Duk wanda ya ce muku gas ne, ku ce ya nuna muku inda yake yoyo kafin ku biya.