Me ya sa idon dabba ke ƙyalli a hoto?

Dillalai a kasuwar dabbobi ta Maigatari a jihar Jigawa, wadda ke ci ranar Alhamis, kan aika wa masu saye hotunan raguna da shanu ta wayar salula, musamman gabanin Babbar Sallah.

Sai dai hoton da aka ɗauka da daddare kan nuna idanun dabbar suna ƙyalli, har mai saye ya zaci makauniya ce. Ba ƙaramin batu ba ne, domin layya ba ta inganta da dabbar da makantarta ta bayyana.

Ƙyallin ba cuta ba ne. A can cikin idon tumaki da shanu da karnuka da kyanwoyi akwai wata fata mai kama da madubi, wadda ke taimaka musu gani a duhu. Ita ce ke maido da hasken fitilar kyamara.

Ɗan Adam ba shi da ita, shi ya sa idonsa kan fito ja. Manhajojin gyaran jan ido kuwa launin ja suke nema, don haka ba kasafai suke aiki a kan dabba ba.

Mafita ita ce a ɗauki hoton da hantsi ko la'asar, a kashe fitilar. Idan dare ne, a haska dabbar daga gefe.

Ana iya baƙanta ƙwayar idon da manhaja, amma a hoton ciniki hakan na iya ɓoye aibi. Idon da ya yi fari-fari da rana kuwa, sai likitan dabbobi.