Waƙa da Hoto a Dajin Ostareliya

A makarantun ƙasar Ostareliya, fita da ɗalibai daji wani ɓangare ne na karatu, ba yawon shaƙatawa kawai ba. A jihar New South Wales, inda birnin Sidni yake, ma'aikatar ilimi tana da cibiyoyi fiye da 20 na koyar da ilimin muhalli, waɗanda malamai ƙwararru ke gudanarwa. Da yawansu a cikin daji suke ko a bakinsa, kamar cibiyar Field of Mars da ke arewacin Sidni. Daga cikin irin wannan fita akwai wadda ake haɗa ayyuka biyu a wuni guda: ɗalibi ya ɗauki hoton abin da ya gani, ya kuma rubuta waƙa a kansa.

Dalilin haɗa su yana cikin yanayin dajin kansa. Yawancin dajin da ya kewaye Sidni a kan dutsen yashi ya tsiro. Ƙasar ba ta da taki, saboda haka tsirran wurin masu taurin ganye ne, masu jure fari da gobara. Itacen da ya fi yawa shi ne turare, wanda Ostareliya ke da irinsa fiye da 700. Daga can ne asalin turaren da aka daddasa a arewacin Najeriya don tare iska da kwararowar hamada. An killace yankuna masu faɗi tun da daɗewa: gandun Royal National Park a kudancin birnin tun 1879, gandun Ku-ring-gai Chase a arewa tun 1894. Wanda ya hango wannan daji daga tagar mota zai ga kamar launi ɗaya ne, kore mai tokatoka, babu abin kallo. Dukiyarsa a ƙananan abubuwa take, kuma ba a ganinsu sai an tsaya an durƙusa. Kyamara da alƙalami duka dabaru ne na sa yaro ya tsaya.

Shiri yana farawa tun daga makaranta. Iyaye sukan sa hannu a takardar amincewa, malamai kuma su rubuta haɗarin da za a iya fuskanta da yadda za a kauce masa: zafin rana, macizai, kaska, da matsattsaku a wurare masu dausayi. Hula mai faɗi, rufaffen takalmi da gorar ruwa wajibi ne.

Idan aka isa, galibi akan fara da ambaton ƙabilar 'yan asalin ƙasa da wurin yake nata tun kafin zuwan Turawa. A kudancin Sidni, mutanen Dharawal ne. Daga nan malamai da yawa sukan sa kowane yaro ya zauna shi kaɗai na 'yan mintoci, ba magana, ba na'ura a hannu, ya rubuta duk abin da ya ji da kunne, ya shaƙa, ko ya taɓa. Wannan zama ya fi kowane mataki wahala ga yaran da suka saba da hayaniyar aji, amma daga cikinsa mafi yawan kalmomin waƙar ke fitowa.

Sai ɗaukar hoto. Yawanci kwamfutar hannu ake rabawa, yara biyu ko uku ga guda ɗaya, wani lokaci da ɗan ƙaramin gilashi da ake maƙalawa don ƙara girman abu. Darasin ba shi da yawa: a matsa kusa, a lura da inda haske ke fitowa, a sauya wurin tsayuwa, a duba abin da ya shigo gefen hoto ba a gayyace shi ba. Yaro zai kwanta rigingine ya ɗauki rassa daga ƙasa, ko ya yi ruf da ciki ya daidaita da tururuwa. Ba a tsinkar fure, ba a ɗaga dutse a bar shi a kife.

Akwai abubuwan da idon kyamara ke yawan komawa kansu. Wani irin turare mai santsin ɓawo yana ɗauke da zane-zane masu lanƙwasa kamar rubutun ɗan koyo. Tsutsar wani ƙaramin faɗa-wuta ce ke yin su yayin da take cin hanyarta a ƙarƙashin ɓawon, kuma ba sa bayyana sai tsohon ɓawo ya zube. Akwai kuma banksiya, wadda ta ci sunan Joseph Banks, masanin tsirran da ya sauka gaɓar Botany Bay tare da James Cook a 1770. Wasu irinta sukan riƙe 'ya'yansu a rufe shekara da shekaru, sai zafin gobara ya buɗe su iri ya zuba a toka. Yaron da ya ɗauki hoton ƙonannen kututture yana fitar da jan toho ya riga ya samu jigon waƙarsa, ko da bai sani ba. Wasu malamai sukan ƙayyade yawan hotunan da za a ɗauka, kuma suna da gaskiya, domin wanda aka sakar wa mara yakan cika na'ura da hotuna alhali bai kalli komai ba.

Waƙar tana ɗaukar abin da hoto ya kasa. Hoto ba ya riƙe ƙamshin ganyen turare da aka murtsuke. Ba ya riƙe kukan kukabura, tsuntsun da sautinsa ya yi kama da ƙyaƙyatar dariya, ko muryar tsuntsun da ake kira lyrebird, gwanin kwaikwayon kukan sauran tsuntsaye. Hoto kuma ba ya faɗin abin da ya faru kafin a ɗauke shi. Saboda haka ake hana ɗalibi ya mayar da waƙarsa bayanin hoto kawai. Abin da ake nema daga gare shi shi ne takamaiman suna da aikatau mai ƙarfi. Idan ya rubuta cewa bishiya tana da kyau, malami zai tambaye shi wace bishiya, wane launi, me take yi. Daga nan ake shiga kamance, siffantawa da mutuntarwa.

Siffar waƙar ba a tsananta ta. Saɓanin rubutacciyar waƙar Hausa ta gargajiya, wadda ke tafiya da kari da amsa-amo, mafi yawan abin da yaran ke rubutawa sakakkiyar waƙa ce. Ƙananan azuzuwa sukan yi haiku, gajeriyar waƙar Jafanawa mai ɗango uku, gaɓoɓi 5 da 7 da 5. Ta dace da wannan aiki domin, kamar hoto, ɗan lokaci guda take kamawa. Wanne zai riga wani, hoton ko waƙar, ya danganta ga malami. Idan aka fara da hoto, yaron da rubutu ke ba tsoro yana samun abin riƙewa. Idan aka fara da rubutu, hankalinsa bai riga ya tafi ga allon na'ura ba.

Wannan aiki yana da tushe a adabin ƙasar. A ƙarshen ƙarni na 19, Banjo Paterson da Henry Lawson sun yi ta muhawara da waƙa a mujallar The Bulletin, ɗaya yana yabon rayuwar daji, ɗayan yana nuna wuyarta. Judith Wright, wadda ta rasu a 2000, ta haɗa waƙa da gwagwarmayar kare muhalli, kuma tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare namun daji ta jihar Queensland a 1962. Ƙawarta Oodgeroo Noonuccal ita ce mace ta farko cikin 'yan asalin ƙasar da aka buga littafin waƙoƙinta, a 1964. Daga baya ta buɗe cibiyar Moongalba a tsibirin North Stradbroke, inda dubban yara suka je koyon ilimin daji da al'adun mutanenta.

Bayan an koma makaranta akan gyara waƙoƙin, a zaɓi hoto ɗaya ga kowace, a baje su a bango ko a haɗa ɗan littafi. Wasu sukan shiga gasa. Gasar waƙa ta Dorothea Mackellar, ta 'yan makaranta, tana gudana tun 1984 daga garin Gunnedah. A 2021 ƙungiyar Red Room Poetry ta ɓullo da gasar Poem Forest tare da lambun tsirrai na Mount Annan, inda aka riƙa dasa itace ɗan asalin ƙasa ɗaya a madadin kowace waƙar da aka aiko.

Fitar tana da iyakokinta. Kuɗin hayar bas yakan hana wasu makarantu zuwa, sai su yi aikin a filin makaranta ko kurmin da ke kusa. A ranakun da hukuma ta yi gargaɗin gobara mai tsanani akan rufe hanyoyin gandun daji a ɗage ziyara. Haka nan ba ko'ina ake takawa ko ɗaukar hoto ba. A Ku-ring-gai Chase akwai zane-zanen da 'yan asalin ƙasa suka sassaƙa a kan duwatsu, waɗanda ba a takawa. A dutsen Uluru da ke tsakiyar ƙasar kuwa akwai sassan da mutanen Anangu suka hana ɗaukar hotonsu, kuma dokar gandun da dutsen yake ciki ta tabbatar da hanin a kan kowane baƙo, har da 'yan makaranta.