Dalilan Mutuwar Maɓallan Rediyo a Sitiyarin Motar Tokumbo

Da yawa daga motocin tokumbo da ake shigowa da su ta Kwatano ko Legas suna da maɓallai a jikin sitiyari, waɗanda direba yake ƙara murya ko sauya tasha da su ba tare da ya ɗauke hannu ba, kuma idan suka daina aiki ba kasafai laifin yake ga maɓallan kansu ba. Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne ko rediyon motar na asali ne, domin dillalai da masu mota sukan cire shi su sa na Android mai allo, ba tare da an haɗa shi da sitiyarin ba.

A wasu motocin, kowane maɓalli yana rage ƙarfin lantarkin da ke bin waya daidai wani ma'auni nasa, kuma da wannan bambanci rediyo yake gane wanda aka danna. A nan sai an haɗa wayoyin sabon rediyon da aka rubuta wa KEY1 da KEY2, sannan a shiga saitin rediyon a koya masa maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Wasu motocin kuwa ta CAN suke aika saƙon, wato tsarin sadarwa tsakanin kwamfutocin mota da kamfanin Bosch ya gabatar a 1986, kuma su sai an sa musu ƙaramin akwatin fassara da ya dace da ƙirar motar; mai gyaran da ya hau yanke wayoyi da ka, ɓarna kawai yake ƙarawa.

Idan rediyon na asali ne, kuma maɓalli ɗaya ne ya mutu, galibi ƙura ce ko lalacewar mahaɗinsa. Amma idan duk sun mutu tare, ham ya ƙi kaɗawa, fitilar jakar iska ta kama, to zargi yana komawa kan kulok-sifirin, wata siririyar waya mai faɗi da ke naɗe a bayan sitiyari kamar zaren kaset, tana warwaruwa tana naɗewa yayin juyawa. Juyi kusan biyar kawai take ɗauka, shi ya sa take tsinkewa idan aka kwance sandar sitiyari aka bar shi yana walagigi, ko aka ɗaura sabuwa ba a tsakiya ba. Tun da jakar iska tana kan hanyar isa gare ta, dole ne a cire kan batir a dakata kafin a taɓa soket ɗin jakar mai ruwan ɗorawa, kuma Toyota ta ƙayyade aƙalla daƙiƙa 90.