Ƙuduji: Alamar Gona ta Gaji

Jama'a manoma, duk wanda ya ratsa gonakin ƙasar Matamaye a ƙarshen damina ya san wannan ciyawa mai fure ja-ja. Sunanta ƙuduji, waɗansu kuma suna ce mata wuta-wuta. Tana da kyan gani, amma inda ta yi yawa hatsi yakan tsumbure, dawa ta yi rawaya, rumbu ya kasa cika.

Yaya take cin amfanin gona?

Ƙuduji ba ta neman abincinta a ƙasa kamar sauran ciyayi. Ƙwayarta ƙarama ce kamar ƙura. Takan kwanta cikin ƙasa har sai ta ji saiwar hatsi, ko dawa, ko masara kusa da ita. Sa'an nan ta tsira, ta manne a jikin saiwar, tana tsotse ruwa da abincin shuka. Takan yi fiye da wata ɗaya tana wannan ɓarna a ɓoye kafin ta fito sarari. Tushe ɗaya yana zubar da ƙwaya dubbai, kuma ƙwayar tana iya rayuwa cikin ƙasa fiye da shekara 10. Wake ma yana da irin tasa ƙudujin.

Ko feshi zai raba mu da ita?

Da yawa daga cikinmu suna tambaya ko ya kamata a ɗauko mai feshi. Mu yi lissafi tukuna. Akwai kuɗin magani, da kuɗin hayar famfo, da ladan mai feshi. Maganin yana kashe wadda ta fito ne kawai, bayan ta riga ta cuci shuka. Ƙwayar da ke ƙasa tana nan, baɗi sai an sake biya. Ban da haka, mu nan muna haɗa hatsi da wake ko gyaɗa a gona ɗaya, kuma maganin da ke kashe ciyawa mai faɗin ganye yana ƙone su. Wanda ya ci bashi don feshi yana iya sayar da damman da zai ci da iyali kafin ya biya.

Maganin kuma guba ne. In ya zama dole a yi feshi, a nemi shawarar malamin gona, a rufe hanci da baki, a wanke jiki da sabulu. Kada a zuba ruwan sha ko mai a galan ɗin magani.

Abin da yake hannunmu

Ƙuduji ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Saboda haka maganinta na gaskiya shi ne ciyar da ƙasa.

1. Mu kai takin dabbobi da na juji gona tun da rani.

2. In da hali, mu sa takin zamani kaɗan a kowane rami. Masu bincike na ICRISAT da ke Sadore sun nuna cewa giram 6 na takin NPK ya isa rami ɗaya.

3. Mu riƙa canza shuka. Gyaɗa da riɗi suna sa ƙwayar ƙudujin hatsi ta tsira, amma ba ta samun abin kamawa a jikinsu, sai ta mutu.

4. Mu tuge ta da hannu kafin ta yi ƴaƴa. Mu tara ta a wajen gona mu ƙone, kada mu bar ta a kan kunya.

5. Mu raini gawo. Tun shekarun 1980 manoman Matamaye da Magariya da Mirriya suka yi suna wajen barin ƴaƴan gawo su girma a gonaki. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, ganyen kuma taki ne.

Wannan aiki ba na shekara ɗaya ba ne, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Iska da ruwa da dabbobi suna kai ƙwayar daga gonar maƙwabci zuwa tamu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu yi magana da mai gari, a tsai da ranar gayya, kowa ya fito kafin furen ya bushe. Allah ya ba mu damina mai albarka.