Kofin Dabo Da Ya Ƙi Aiki, Da Yadda A Ke Gano Laifinsa

A zangon da ya wuce an tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a Rumuokoro, can Fatakwal, kusa da inda hanyar Ikwerre ta gamu da babbar hanyar East-West. 'Yan aji 5 aka ba ni, cikinsu har da 'ya'yan Hausawanmu masu sayar da albasa da nama a kasuwar wurin. Darasin ran nan a kan maganaɗisu ne, wanda mu ke kira mayen ƙarfe. Na ce a raina bari in fara da ɗan wasan rufa-ido, yara su yi mamaki tukuna, sa'an nan in bayyana musu dalili. Malamin da ya zo daga kwaleji domin ya ba ni maki yana zaune can baya.

Na kife kofi, na sa ƙwallo cikin aljihu, na ce, "To, ku duba, ya komo ƙarƙashin kofi." Na ɗaga, babu kome. Na sāke, babu kome. Sai wani yaro ya leƙa ya ce, "Malam, ga shi can maƙale a ciki!" Aji duka ya fashe da dariya. Kunyar nan ita ta sa na zauna na bi abin a hankali, ga kuwa abin da na samu, ko zai amfani wani cikinku.

Wasan kofi da ƙwallo tsohon abu ne ƙwarai. Seneka, wani masanin Rum, ya ambaci masu dabo da kofunansu da tsakuwoyinsu cikin wata wasiƙa da ya rubuta wajen shekara ta 65 bayan haihuwar Almasihu. A shekarar 1584 kuma wani mutumin Ingila, Reginald Scot, ya buga littafi ya tona yadda a ke irin waɗannan wasanni, domin a daina kashe bayin Allah da sunan maita. Mutanen dā da kofi 3 su ke yi, da saurin hannu kaɗai. Irin wanda ya kunyata ni kuwa kofi ɗaya ne, wani mai dabo a Amurka, Al Wheatley, ya fito da shi wajen 1954. Sunansa na wasa Chop Chop, shi ya sa Turawa ke ce da kofin Chop Cup.

Ga yadda ya ke. An ɓoye ɗan maganaɗisu a gindin kofi. Ƙwallaye kuwa biyu ne, kamarsu ɗaya, amma guda yana da ƙarfe a cikinsa, guda babu. In ka jefa mai ƙarfen cikin kofi ka kife, sai ya maƙale a sama, mai kallo ya ɗauka kofin wofi ne. In ka ajiye kofin da ɗan ƙarfi, girgizar ta kan sako shi ya faɗo. Wanda ka sa a aljihu ɗan'uwansa ne. Nawa ni na haɗa da kaina: kofin roba biyu, ɗaya cikin ɗaya, maganaɗisu a tsakani, da toshiyar kwalba wadda na tura wa 'yar ƙwayar ƙarfe irin ta cikin boris na keke, na naɗe da zaren ulu.

Kun ga ke nan aikin duka a kan ma'auni ya ke. Dole ja ya isa riƙe ƙwallo sa'ad da a ke ɗaga kofi, amma kada ya kai ga hana shi faɗowa in an buga. Laifin kofin nan iri biyu ne kawai, ko dai ja ya yi yawa, ko ya kasa.

In ƙwallo ya ƙi faɗowa, fara duban maganaɗisun. Ƙananan nan masu ƙyalli da a ke samu cikin abin sauraro na kunne, irin neodymium ne, wanda aka gano a farkon shekarun 1980, ƙarfinsu kuwa ya fi girmansu nesa. Irinsa na sa a nawa. Maganin abin ba wuya, gama jan maganaɗisu ya kan ragu da sauri in an ƙara nisa ko kaɗan. Yanka takarda daidai faɗin gindin kofi, ka manna ta ciki, ka gwada. In bai isa ba ka ƙara wata, ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan duba abin da ka ke ajiye kofi a kai. Ran darasi na shimfiɗa tawul riɓi biyu a kan tebur domin ado, alhali a ɗaki a kan katako tsirara na koya. Tawul ya shanye bugun, girgiza ba ta kai ga ƙwallo ba.

In kuwa ƙwallo na faɗowa tun ba a so ba, to, ko ya yi nauyi, ko zaren da ke tsakaninsa da maganaɗisu ya yi kauri, ko ƙarfen cikinsa ya goce gefe ɗaya. In ƙarfen ba a tsakiya ya ke ba, wani lokaci ya riƙe, wani lokaci ya saki, gwargwadon gefen da ya fuskanci gindin kofi. Wannan shi ya fi ruɗa mutum, domin ba kullum ya ke faruwa ba. Ku tuna kuma ruwan sama na Fatakwal ya ninka na Kano fiye da sau 2 a shekara. Ulu ya kan sha laima ya ƙara nauyi, ƙarfe ya yi tsatsa, gam ya saki. Ajiye ƙwallaye cikin gwangwani mai murfi. Zafi ma yana da nasa laifi: irin maganaɗisun nan ya kan fara rasa ƙarfinsa in zafi ya wuce digiri 80 a ma'aunin Selshiyas, ba ya kuwa komowa. Kada ka wanke kofin da tafasasshen ruwa, kada ka bar shi bakin murhu.

Akwai waɗansu ƙananan abubuwa. Kofin ƙarfe ba ya yi, sai na roba, ko itace, ko alminiyam, ko tagulla, waɗanda maganaɗisu ba ya kamawa. Tebur ko faranti na ƙarfe ya kan ja ƙwallo in maganaɗisu ne a cikinsa maimakon ƙarfe. Ƙwallayen biyu kuma su kan rikice wa mai wasa kansa, saboda haka sai ya saba da wanda ke hannun dama da wanda ke hagu tun kafin ya fara.

Amma abin da ya fi duk waɗannan, shi ne hanyar bincike. Da na komo ɗaki da fushi, na canja ƙwallo da maganaɗisu da tebur gaba ɗaya. Abin ya ɗan gyaru, amma ban san wanne ne ya gyara shi ba, kashegari kuma ya koma gidan jiya. Sai na ɗauki littafi na ja layi. Na gwada sau 20 a kan katako, na rubuta sau nawa ya faɗo. Na shimfiɗa tawul, ban taɓa kome ba, na sāke sau 20. Na manna takarda ɗaya, na sāke. A kan katako ya faɗo sau 17, a kan tawul sau 6, da takarda biyu a gindi kuwa bai ƙi ko sau ɗaya ba. Abu ɗaya a ke canjawa a lokaci guda, a ƙirga, a rubuta. In ka gama da kofi, sai ka duba hannunka, gama bugun da ya fi sauran ajiyewa ƙarfi shi ke tona asiri. Koya har ajiyewa duka su zama iri ɗaya a idon mai kallo.

Watakila wani ya ce, ina ruwan malamin makaranta da dabo? Yaranmu suna bi ta tasha kullum, suna ganin masu caca da kofi uku ko kati uku suna cinye kuɗin matafiya, waɗansu kuma na cewa asiri ne ko aikin aljanu. Yaron da ya riƙe kofin nan da hannunsa ya ga maganaɗisu, da wuya a cuce shi da irin wannan. Sharaɗi ɗaya ne, malami ya faɗa tun farko cewa wasa ne, ya kuma buɗe kofin a ƙarshe.

Mako na gaba na koma ajin da kofin da littafina. Na ba yaron da ya tona ni aikin ƙirga, sauran suka yi ta ƙara takarda suna duban inda ƙwallo zai saki. Kafin a kaɗa ƙararrawa sun gane da kansu cewa nisa yana rage jan maganaɗisu, abin da na so in koya musu tun ran farko ke nan. Wanda ya ke so ya gwada kafin a fita gwajin koyarwa na gaba, kofin yana wurina.