Yawan Ƙwaya Ba Shi Ne Lafiyar Tsoho Ba

A Rijau, cikin ƙasar Kontagora ta Jihar Neja, da wuya a shiga ɗakin tsoho a rasa ƙullin magani a ƙarƙashin matashi. Wani daga asibiti, wani daga kemis, wani kuwa ɗansa ne da ke neman kuɗi a Ikko ko Badun ya aiko wa direba da shi. Duk don ƙauna ne, amma sau da yawa ƙullin nan shi ke kwantar da tsohon.

Dalili kuwa, in shekaru suka ja, ƙoda da hanta ba su fitar da magani da sauri kamar dā, sai ya taru a jiki. Likitoci kan ce in mutum yana shan iri 5 ko fiye kullum, to, a duba. Tun 1991 wani likitan Amurka, Mark Beers, ya tsara jerin magungunan da ba su dace da tsofaffi ba, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura yaƙi da cutar da magani kan jawo.

Ga misali, diclofenac da Feldene na ciwon gaɓoɓi sukan ci ciki har ya yi jini, su kuma taɓa ƙoda. Valium na barci yakan sa jiri, tsoho ya faɗi ya karye. Panadol da paracetamol abu ɗaya ne, mai shan su tare ninki yake sha.

Amma fa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganin hawan jini, da Valium, da prednisolone, in an daɗe ana sha, yanke su dare ɗaya hatsari ne. Likita ne zai rage, ɗaya bayan ɗaya, sannu sannu, yana lura da jikin mai shi.

Saboda haka duk wanda ya je ganin gida, ya tattara ƙullin gaba ɗaya, har da jiƙo da garin gargajiya, ya kai tsohonsa asibitin Tungan Magajiya ko na Kontagora. A tambayi likita amfanin kowace ƙwaya, da ranar da za a bar ta. Wanda bai sami zuwa ba kuwa, gara ya aika da kuɗin mota maimakon ƙwaya. Allah Ya ƙara wa iyaye lafiya, amin.